Kwanon da Ya Bi Mu Summerfield

Ni ban zaɓi Summerfield ba, makaranta ce ta zaɓa mana. Duk wanda ya tambaye ni a bakin masallaci haka nake gaya masa, ko da matata tana tsaye a wurin.

Kafin nan a unguwar Glenwood muke, a nan ƙasar Turawa, a wani tsohon gidan katako na haya, wanda in ka yi tari a ɗaki na kicin zai ce maka sannu. Ɗaliban jami'a sun kewaye mu da kekunansu da kiɗansu. Amma a layin akwai gidajen Hausawa, kuma wanda ke jikin namu na wani dattijo ne mutumin Damagaram da matarsa. Shi Malam muke ce masa, ita Hajiya. In an taso daga aiki, Malam zai fito da kujerun roba da butar shayi ƙarƙashin babbar bishiyar da ke ƙofar gidansa. Ni in na dawo daga siton da nake tuƙa injin ɗaga kaya, ko takalmi ba na cirewa. A zauna a zagi gwamnatin Najeriya, a juya a zagi ta Nijar don kada Malam ya ji an bar su a baya, a yi magariba a kan ciyawa, kowa ya shige gida.

Hajiya tana da wani kwanon samira mai murfi, fari da jan fure, bakinsa ya ɗan ɓantare. Daga gida ta zo da shi. Kwanon nan ba ya zama wuri ɗaya. Yau ya shigo mana da dambu da zogale, gobe ya koma da tuwon shinkafa miyar taushe. In ba a yi girki ba, ko lemo ne a jefa a ciki, don kwano ba ya komawa wayam. Wannan ba sai an koya wa ɗan Bahaushe ba. 'Yarmu guda ɗaya, ita ce ke tsallaka ciyawa da shi tun tana ƙarama, ta riƙe da gefen hijabinta saboda zafi. Hajiya ba ta karɓa sai yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta da Hausa. In ta yi Turanci sai Hajiya ta ce, "Koma waje ki sake shigowa, ban ji kowa ba."

Da yarinya ta kusa shiga babbar sakandare, sai matata ta fara zama da waya a hannu kamar mai jan carbi. Ita ta yi karatu, tana aikin jinya. Ni a aji uku na bar makaranta na shiga tasha, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Wata rana ta miƙo mini wayar, ga taswirar garin an shafa mata launi.

"Maigida, duba nan. Kore makarantu masu kyau ke nan. Ka ga inda muke?"

Na duba. Mu ba a kore muke ba.

"To sai me? A kai ta koren mana. Ba mota gare mu ba?"

"Ba haka ake yi ba. Inda kake kwana, nan ɗanka zai yi karatu. Adireshi ne ke zaɓa."

"Wato mu tashi saboda fenti a waya?"

"Mu tashi saboda kada ta ƙare tana ɗaga kwalaye."

Ba ta ce "kamar ubanta" ba. Ba sai ta faɗa ba. Na mayar mata da wayarta, don wanda bai yi karatu ba ba ya cin gardamar karatu, ko da shi ke da gaskiya.

Muka fara yawon ganin gidaje da wata Baturiya dillaliya mai yawan murmushi. Ta bi da mu ta unguwar Irving Park, na ga gidaje kamar ofishin gwamna, na ce mata ta taka mota kawai, mu ba ɓarayi ba ne. Muka miƙe arewa, gari ya ƙare, sai filaye da shinge da dawaki suna kiwo. Ta buɗe mana wani gida. Matata tana leƙa kicin, tana tambayar inda motar makaranta ke tsayawa. Ni kuwa na fita waje na tsaya. Ko mutum ɗaya babu a titi. Na dawo na tambayi dillaliya abin da ubana zai tambaya da shi ne: su wane ne maƙwabta? Wane irin mutane ne? Ta yi murmushi ta ce doka ba ta ba ta damar faɗa mini irin mutanen da ke unguwa ba, amma makarantar tana da kyau ƙwarai. Ka ji ƙasa. Za a gaya maka shekarun rufin gida da na tukunyar ruwan zafi, amma wanda zai fara jin ihunka in wuta ta tashi, wannan sirri ne.

Ranar da za mu tashi, mazan layi suka taya ni loda kaya. Malam bai ɗauki komai ba, bayansa ba ya bari, sai tsiya yake mini daga kujera.

"Ka tafi dajin ka zama Bature, ka ji? In ka dawo sai mun nemo tafinta."

"Haba Malam, nan da can ko shayinka bai huce ba."

"Haka kowa ke cewa."

Hajiya ta fito da kwanon cike da dambu, ta ɗora wa yarinya a cinya a cikin mota. "Ku ci in kun isa, na san yau ba mai hura wuta. Saboda lakwal za ku bar mu, to Allah ya sa albarka a lakwal ɗin." Lakwal ita ce makaranta a bakin mutanen Nijar. Muka ci dambun a zaune a ƙasa cikin kwalaye, aka wanke kwano aka ɗora a kan firji. Matata ta ce ƙarshen mako za ta yi waina a mayar.

Ƙarshen mako ya zo tana aiki. Na gaba ni nake aiki. Na bayansa ana taron iyaye a makaranta.

Babbar Sallah ta farko a sabon gida, muka je gona aka yanka mana rago. Na ce dole a kai wa maƙwabci. Matata ta ɗauko irin farantin nan na leda da ake ci a jefar, na ce a'a. Abin da ake jefarwa ba ya dawowa, ni kuwa so nake ya dawo. Na sauko da kwanon Hajiya, aka cika shi da soyayyen nama da shinkafa, na sa babbar riga na taka har gidan da ke kusa da mu, wanda a Glenwood tafiyar ta isa ka wuce gida biyar. Wani dogon Bature ya buɗe, mai kirki, ba zan ci amanarsa ba. Ya yi mamaki, ya yi godiya, ya kira matarsa ta zo ta ga rigata. Na dawo ina jin daɗi, na ce wa matata an buɗe hanya.

Washegari na fito, ga kwano a bakin ƙofa. An wanke shi tas, an goge, har ƙamshin sabulu yake. Na buɗe murfi. Wayam.

Na mayar da shi kan firji. Na san ba wulakanci ba ne, a wurinsu wannan shi ne ladabi: ka ba ni, na gode, ga kayanka, mun rabu lafiya. Har yau muna ɗaga wa juna hannu in muna yankan ciyawa. Hannun ne kawai.

Makarantar kuwa, ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi kyau. Yarinya ta shiga ƙungiyar masu haɗa na'urori, ta je gasa, ta dawo da lambobin yabo. Malamanta suna kiran ta da sunanta daidai, abin da shugabana a sito ya kasa yi da nawa har yau. In na je taron iyaye nakan zauna a baya in riƙa gyaɗa kai, in an yi dariya in yi. A mota in tambaye ta me aka ce, ta ce, da Turanci, ba komai Baba, an ce ina ƙoƙari. Da ma can Turancin ya fi mata sauƙi, amma a Glenwood akwai mai korar ta waje ta sake shigowa. A nan babu. Ni na gwada sau ɗaya, ta dube ni kamar na zauce, ta haye sama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nisan ba nisa ba ne. Da teku ce a tsakani da na haƙura. Amma zumunci a ƙafa yake, ba a taya ba. A da buɗe ƙofa kawai nake yi in ga Malam. Yanzu sai na shirya, na duba mai, na yi waya na ce ina tafe, na zama baƙo a wurin da nake zama da kayan aiki. Na je sau da dama a farko. In na isa an riga an fara labarin da ban san farkonsa ba, in zan tafi ba a gama ba. Sai ya koma gaisuwar Juma'a a wurin ajiye motoci, kowa yana duba agogo.

Kwano kuwa yana nan a kan firji. Wanda bai san abin ba zai ce me ya hana ka jefa shi a mota? Kwanon da ya yi mako ɗaya, waina ta ishe shi. Wanda ya yi wata, sai an haɗa da kaza. To wanda ya shekara fa, me za ka zuba? Kullum abin da ya kamata a sa a ciki ƙara girma yake, kwanon kuma bai ƙara ba. Hajiya ba ta taɓa tambaya ba, ko a waya, ko ta bakin matata. Shirun nan ya fi tambaya nauyi.

Yarinya ta gama, ta samu jami'a a wata jiha. Tana haɗa kayanta ta shigo kicin neman abin da za ta tafi da shi, ta hau kujera ta sauko da kwanon. Ta juya shi, ta taɓa wurin da ya ɓantare.

"Baba, wannan ba na Hajiya ba ne?"

"Nata ne."

"Tun yaushe?"

"Tun dambun ranar tashi."

Ta ce har yanzu tana tuna yadda yake ƙona mata yatsu. Ta ce mu mayar yau. Na ce ba a mayarwa wayam. Ta ce ta sani, ita ba jaka ba ce. Wannan da Hausa ta faɗa, a karkace, amma da Hausa. Ta kunna murhu ta gasa abin da ta iya, wani baƙin kek na cakulan da suke yi a makaranta in za su tara kuɗin gasa, ta yanka ta jera a ciki. Na dube shi na ce, shekara huɗu, sai kek? Ta ce to in na fi ta iyawa ga kicin nan.

Muka je da la'asar. Bishiya tana nan, kujeru biyu ne kawai a ƙarƙashinta. Tsohon gidanmu an yi masa fenti, kekuna sun cika ƙofar. Sauran Hausawan layin sun watse, wasu sun bi nasu koren, wasu sun bar garin. Malam ya rame, yana riƙe da sanda. Ya kare ido da hannu ya ce, "Hajiya, fito, Turawan daji sun zo. Ki zo da tafinta."

Hajiya ta fito tana goge hannu. Ta ga abin da ke hannun yarinya, ba ta miƙa nata ba. Ta tsaya tana jira. Yarinyar nan da ta tsaya gaban alƙalan gasa ba ta ji tsoro ba, sai ga ta yau ta tuna dokar Hajiya. Ta durƙusa.

"Ina wuni, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

"Yanzu na ji mutum," in ji Hajiya. Ta karɓa ta buɗe, ta shinshina. "Wannan kuma fa? Gawayi?"

"Kek ne."

"Shi aka koyo a lakwal ɗin?" Ta gutsura ta ci. "To ba laifi. Ba a tashi a banza ba."

Ni nake ta shirya ban-haƙuri tun a mota, na fara, "Hajiya, wallahi kwanon nan..." Ta katse ni.

"Kai dai zauna ka sha shayi. Na san inda yake. Da na so kwano da na aiko."

Muka yi magariba a kan ciyawa, ni da Malam kawai. Da za mu tafi Hajiya ta fito da kwanon, da zafinsa, ta miƙa wa yarinya. Yarinya ta ce ita jibi za ta tafi. Hajiya ta ce ta sani, ta juya ta ɗora mini a hannu. Dambu ne da zogale. Ya ƙona ni, na riƙe da gefen riga.

Yarinya ta tafi. Motar makaranta har yanzu tana tsayawa a kwanar layinmu kowace safiya, ta kwashi 'ya'yan mutane, ni ina kallo ta taga. Makarantar ta gama da mu, mu ne ba mu gama da gidan ba. Na ce wa matata mu koma Glenwood, ta ce mu koma wurin wa, tsofaffi biyu da ke maganar komawa Damagaram kowace shekara? Tana da gaskiya, kamar yadda take da ita wancan karon, kuma na gaji da gaskiyarta.

Na cinye dambun, na wanke kwanon da kaina. Ban mayar da shi kan firji ba, yana kan tebur inda zan riƙa ganinsa. Matata tana aiki har ƙarshen mako, ni kuma abin da na iya dafawa bai wuce shinkafa da wake ba. Na jiƙa waken.