Malama Bara'atu da Darasin Masu Ƙasa

A unguwar New Bell ta birnin Duwala, a ƙasar Kamaru, aka haifi Bara'atu, a gidan da kakanta ya gina da cinikin goro tun zuwansa daga Kano. Katanga ɗaya ce ta raba su da Mama Ebenye, wata 'yar ƙabilar Duwala mai sayar da miyondo, tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye. A gindin tukunyar matar ta tashi, a can ta ji yadda Jamusawa suka tashi kakannin Mama daga bakin kogin Wuri suka turo su cikin wannan fadama. Da ta girma ta yi karatun koyarwa, ta samu aji a wata 'yar makarantar Faransanci da Arabiyya ta unguwar.

A tsarin karatu akwai darasin al'adun ƙasa. Sauran malamai lissafi suke yi a lokacinsa. Ita kuwa ta ɗauke shi da gaske. Ranar farko ta tambayi yaran, “Kafin zuwan kakanninmu, su wa ke zaune a garin nan?”

“Faransawa!” in ji rabin ajin.

Wata yarinya mai suna Hafiza ta ɗaga hannu. “Malama, ai mu 'yan Kano ne, ina ruwanmu?”

“Kin taɓa zuwa Kanon?”

“A'a, amma ina gani a wayar yayata.”

Abin ya tsaya wa Bara'atu a rai. Yara sun sha ruwan Duwala sun girma, amma yawancinsu ba su taɓa tsayawa a bakin Wuri ba, sai dai su hango shi ta tagar mota in za a kai su biki unguwar Bonaberi da ke ƙetaren kogin.

Da bikin Ngondo ya matso, wanda mutanen bakin ruwa ke yi duk ƙarshen shekara, ta je ofishin shugaban makaranta, Malam Wakili, ta nemi izinin kai ajinta kallon tseren kwale-kwale. Ya ce sai an ji ta bakin iyaye. A taron iyayen, Alhaji Salmanu mai shagon atamfa ya miƙe tun ba ta rufe baki ba.

“Malama, wajen masu kiran aljanun ruwa za ki kai mana 'ya'ya?”

“Alhaji, tseren kawai za su gani. Mutanen nan su suka ba iyayenmu wurin zama. Shekara nawa muna cin kasuwa ɗaya, yaranmu ko gaisuwarsu ba su iya ba?”

“Gaisuwa ba ta cin jarrabawa. A koya musu Faransanci da Ƙur'ani, shi muka kawo su yi.”

Babu wanda ya goyi bayanta. Malam Wakili ya sunkuyar da kai yana wasa da biro.

Ba ta haƙura ba. Ta ce tunda an hana yara zuwa ruwa, bari ta kawo musu mai labarin ruwan. Ta lallaɓi Mama Ebenye, wadda yanzu sai da sanda, Malam Wakili kuma ya amince da ranar Laraba. Tsohuwa ta ci ado da babbar rigarta ta kaba, ta zo da ɗan filafilin tuƙin kwale-kwale na marigayi mijinta. Suna shiga sai ga Malam Wakili a guje: wai sufeto na tafe, kowane aji ya koma bitar nahawu.

“Malam, baƙuwata fa?”

“Ta ɗan jira, Malama, don Allah.”

Mama ta zauna a benci a baranda, rana na dukanta, har aka tashi yara. Sufeto bai zo ba. Bara'atu ta tare mata ɗan acaɓa, kunya ta hana ta haɗa ido da ita.

Da yamma ta shiga gidan ba da haƙuri. Tsohuwa na jera ganye, ba ta ko ɗago ba.

“'Yata, ba zan sake taka makarantarku ba. Amma ƙofata a buɗe take. Mai so ya zo ranar Asabar.”

A ajin da ke cike maƙil, 'yan mata ƙalilan ne iyayensu suka bari su je, har da Hafiza. Suka zauna a tsakar gida suna naɗe rogo, nasu na kwancewa a tukunya, Mama na dariya tana ba su labarin yadda masunta ke gane shigowar ruwa da janyewarsa. Ranar Litinin Hafiza ta gaishe da Bara'atu da “Idiba a bwam,” wato barka da asuba da harshen Duwala, sauran yara suka kwashe da dariya.

Da aka dawo hutu, Bara'atu ta sake zuwa ofis neman a bar mata darasinta yadda yake. Malam Wakili ya ce ai bai soke ba, ya dai mayar da shi ranar Juma'a, bayan sha biyu.

“Malam, lokacin ne fa ake sallamar yara su tafi masallaci.”

“To, Malama, ai sai ki yi da waɗanda suka tsaya.”

Ta dube shi har ya kau da kai. Ta ɗauki allinta ta fita, ba ta ko rufe masa ƙofar ba.