Anti Bilqis, Mai Rakiya Gaban Likitoci

Hausawan da ke zaune a unguwar Al Muraqqabat ta Dubai yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa. Sun san hanyar biza, sun san ta kago, wato aika kaya gida. Abin da ba su sani ba shi ne yadda ake tsayawa gaban kwamitin likitoci a nema wa yaro katin masu buƙata ta musamman, wanda ke sauƙaƙa masa makaranta da gashin ƙashi. Wannan giɓin Anti Bilqis ta cike shekara goma sha huɗu.

Tafinta ce a wani ƙaramin asibiti a unguwar Deira. Ƙarfe bakwai na safe tana cikin jirgin ƙasa na metro, jakarta cike da takardun mutane. Ranar hutunta kuwa ba tata ba ce. Ta iyayen da za ta raka gwaji ce.

Ramlat, matar Injiniya Haidar, shaida ce. An haifi 'yarta Khairunnisa da raunin ƙafafu. Da ta kai shekara bakwai, makaranta ta ce sai an kawo rahoton da zai sa a ba ta mai taimaka mata a aji. Ranar gwaji Ramlat ta sa mata kayan sallah, ta ba ta maganin ciwo, ta ce kada ta ba ta kunya. Yarinya ta cije, ta taka daga ƙofa zuwa kujera. Likita ta ce, "Da ciwo?" Yarinyar ta dubi mahaifiyarta, ta girgiza kai. Ramlat ta ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi sosai."

Rahoto ya fito: buƙatarta kaɗan ce. Babu mai taimako, babu makaranta. Haidar ya fara maganar mayar da ita Kano wurin kakarta.

Da Anti Bilqis ta ji, sai ta hau har hawa na shida ta same su.

"Ramlat, wa kika je burgewa? Surukai?"

"Haba Anti! In tona asirin 'yata gaban baƙi? Kuma in yi ƙorafi a kan abin da Allah ya ba ni?"

"Godiya ta Allah ce, bayani na likita ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yalla, maza ɗauko biro."

Mako guda ta sa Ramlat tana rubuta abin da ido ya gani: minti ashirin kafin a sa takalmi, faɗuwa uku a banɗaki, ranar da aka goyo ta daga tashar metro. Ramlat tana rubutu tana hawaye. Anti Bilqis ta nemi a sake gwaji, ta bi takardar har aka ba su rana.

Da ranar ta zo, a bakin ƙofa Anti Bilqis ta durƙusa daidai tsayin yarinyar. "Uwata, yau in ƙafa ta ce ta gaji, ki faɗa. Ni zan mayar musu da Larabci, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Taku shida Khairunnisa ta yi ta tsaya. "Nan ke yi mini zafi," in ji ta. Ramlat ta buɗe baki za ta gyara, Anti Bilqis ta dafa gwiwarta. Ramlat ta bar yarinyar ta ƙarasa bayaninta.

Sabon rahoto ya sa aka ba ta mai taimako. Yanzu Khairunnisa tana aji biyu a nan Dubai, tana kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta.

Anti Bilqis, ke ce inuwar da ba ta zaɓen mai zama. Ke ce kika ƙi ƙara ko kalma ɗaya ga wani uba da ya roƙe ki ki zuzuta lalurar ɗansa, kuma ba ki bar shi ya shiga shi kaɗai ba. A ƙarshen watan nan za ki koma Zariya ki huta. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ki masu raka ki ranar da kike buƙata.

Mu da muka rage, cikinmu akwai masu Larabci, akwai masu Turanci. Kowa ya ba da ranar hutu ɗaya, ya raka iyali ɗaya.

Ran walimar bankwana aka tambayi Khairunnisa abin da Anti ta koya mata. Ta ɗan yi tunani, ta ce, "In na ce da ciwo, ban yi wa Allah butulci ba, kuma Mama ba za ta ji kunya ba."