Siffa ta Shida

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Baba Garba ya ajiye zartonsa ba. A lokacin shekara biyu ke nan da murƙushe tawayen 'yan'uwanmu bayi a unguwar Agua de Meninos, mu kuwa bayi ne a wani shagon kafinta da ke gangaren unguwar Pelourinho, a wannan birni na ƙetaren teku. Baba ne babban gwani, ni ke biye masa.

Wani malamin lissafi ya kawo aikin siffofi biyar na katako don koyarwa. Kowacce a rufe take ruf kamar akwati, fuskokinta iri ɗaya masu gefe da kusurwa daidai, tsinayenta ma duk ɗaya. Da muka gama, ubangidanmu ya ce wa Baba, "Ƙera mini ta shida, in rubuta maka takardar 'yanci."

Tsohon ya riƙe maganar hannu bibbiyu. Wata huɗu yana yanka yana gwadawa, har ya rame, tausayinsa ya hana ni sakat.

Ran nan da hantsi ya kira ni. "Audu, zo ka gani."

Ya jera guntayen katako a ƙasa. Ya ce tsini ba ya tashi sai aƙalla fuska uku sun haɗu, kuma sai sun bar giɓin da za a ja a rufe. Alwatika uku, ko huɗu, ko biyar, duk sun tashi. Da ya sa shida, sai suka kwanta kamar tabarma. Murabba'i uku sun tashi, huɗu sun kwanta. Mai gefe biyar, uku kawai ke shiga. Mai gefe shida kuwa, uku sun cinye wurin kaf.

"Nawa suka tashi?"

"Biyar, Baba."

"To, Allah bai halicci ta shida ba."

Na raka shi wurin ubangidanmu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, babu ita."

Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai na sani. Malamin ya gaya mini tun ranar farko."

Baba ya juya muka fito. Ya dawo ya rataye zarto, bulala ma ba ta sa ya sake taɓa shi ba.

Shi ya sa nake gaya muku, ku samarin shagon nan, katako zai nuna muku iyakarsa tun a ƙasa, amma mai alkawari ba ya nuna tasa. Kafin shekara ta zagayo Baba ya rasu yana bawa. Ni na haɗa makararsa, da zartonsa na yanka katakon.