Kawu Mai Raba Takalma

Kawuna bai san fuskar mutane sosai ba, ƙafarsu ya sani. In ka gaishe shi a hanya, ƙasa zai fara kallo kafin ya amsa. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, takan ce ko ranar da ya je neman aure diddigen matar ya gani ya ce ta yi masa. Shagonsa na takalma ɗan ƙanƙani ne, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. Benci ɗaya ne a ciki, da tsagaggen madubi jingine a ƙasa, da ƙamshin sabuwar fata da ke bin rigarsa har gida.

Abin da aka san shi da shi, yana raba takalmi. Akwai bayin Allah da ƙafafunsu ba girma ɗaya ba ne, kuma ba sa son a sani. Sai Kawu ya buɗe kwali biyu, ya ɗauki na hagu a nan, na dama a can, ya ba su a kuɗin ɗaya. Waɗanda suka rage ya zuba a wani buhu bayan ƙofa, yana ce musu marayunsa. Matarsa ta yi mita har bakinta ya gaji.

Cikin masu zuwa akwai wata malamar makaranta, wadda ciwo ya bar mata ƙafar hagu ƙarama tun tana yarinya. Ubanta ne ya fara kawo ta, har ga shi ta yi furfura. Kawu bai taɓa ambaton ƙafar nan ba. Iyakarsa ya ce, "Malama, zauna, na ajiye miki naki."

Da aka buɗe katafaren kanti a bakin titi, mai hawa uku da sanyin na'ura, ciniki ya yi ta janyewa har Kawu ya rufe shagon. Da ƙyar da siɗin goshi aka ɗauke shi aiki a sashen takalma na kantin, aka sa masa riga mai gajeren hannu kamar ɗan makaranta. Ya kusa sittin, yara na karatu, matarsa na kan maganin hawan jini. Duk mun san in wannan aiki ya kuɓuce, babu wani.

Dokokin wurin ya haddace su kamar karatu. Ba a zama, ba a doguwar hira da mai saye, ba a raba kwali. Mai ƙafa iri biyu sai ya sayi kwali biyu.

Wata rana Malama ta shigo tana ɗingishi, ta cusa auduga a takalmin hagu don kada ya sulluɓe. Ta fara tambayar wani ma'aikaci a hankali, shi kuwa ya ɗaga murya yana karanta mata doka, mutane na waiwayowa. Kawu yana tsaye yana ji. Ya jira ma'aikacin ya matsa, ya buɗe kwali biyu ya yi abin da hannunsa ya saba. Ɗayan kwalin ya tura can bayan kanta, da niyyar ya saye shi da kansa a ƙarshen wata.

Masu jera kaya suka fito da shi gaba. Wani mutum ya saya wa matarsa, ya dawo yana zage-zage, aka duba kyamara.

Manajar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. "Baba," ta ce, "na san ba sata ka yi ba. Amma maganar ta wuce sama, ba ta hannuna." Aka sallame shi, har ƙofa ta rako shi. Wallahi na so a ce rashin kunya ta yi masa, da na sami wanda zan tsana in huta.

Da labari ya kai wa Malama, ta kwashi takalman, ko sawa ba ta yi ba, ta mayar kanti ko za a dawo da shi aiki. Suka ce ba za su karɓa ba, lambobin ba ɗaya ba ne. Daga can gidan Kawu ta yo, ina nan ta shigo, ta ajiye kwalin a gabansa tana share ido da gefen mayafi.

"Ni na jawo maka," ta ce.

"Haba, Malama. Dama gwiwoyina sun gaji da tsayuwa."

Ƙarya yake yi, kuma dukanmu mun sani. Ya durƙusa da gwiwoyin nan, ya zare mata tsohon takalmin, ya cire audugar, ya sa mata sabon. Ya danna babban yatsansa a kan bakin takalmin, ya gyaɗa kai. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba.

Ta daɗe tana kallon ƙafafunta, sannan ta ce, "To in waɗannan suka mutu, wajen wa zan je?"

Kawu ya dafa bango ya miƙe a hankali.

"Ki riƙa bin gefen hanya, inda babu tsakuwa," ya ce. "Za su daɗe."