Mbuya Chikomo, wadda ta ƙi sauka daga kombin mijina

Kafin a buɗe ƙofar asibitin unguwarmu a Glen View, Mbuya Chikomo ta riga ta gama wani aiki da ba wanda ya sa ta. Takan jiƙa tsumma ta goge bencina, ta rufe tagogin da ke kallon filin ciyawa, sannan ta fito ta bi layin marasa lafiya tana gaisuwa tana duba idanu. Wanda ta ga idonsa ya yi ja, hancinsa ya kumbura don murza, sai ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Kai, in an gama da kai kada ka tafi, ina nemanka." Sunanta Nyengeterai, amma mu nan kowace ma'aikaciyar jinya Mbuya muke ce mata, wato kaka, ko da furfura ko babu. Ita kam furfurar ta zo, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Mu mutanen Harare mun daɗe da yanke hukunci a kan atishawar da ke zuwa mana duk shekara. Da zarar bishiyar jakaranda ta yi fure ta rina tituna, duk mai yoyon hanci ita yake nunawa da yatsa. A ce mura ce, a dafa ganyen zumbani, a lulluɓa da bargo a yi sirace, a jira fure ya zube. Shekara da shekaru Mbuya tana faɗa mana cewa mun bar jaki muna dukan taiki, muna yi mata dariya.

Shugaban masu dariyar a gidana yake kwana. Mijina Tichaona, wanda ake kira Baba Kundai, wato baban Kundai, direban kombi ne, ƙaramar bas ta haya, yana jigila tsakanin unguwa da cikin gari. Mutumin kirki ne, amma in ya kafe a kan magana, gara ki je ki lallashi turmi. Duk shekara idanunsa su yi jawur, hawaye da majina ba tsayawa, atishawa kuwa sai ya jera har fasinja su gaji da yi masa sannu. Surukata ta turara shi har ya kusa dahuwa, a banza. Sai ya koma sayen wasu ƙwayoyi a bakin tasha. Suna busar da hanci, wannan gaskiya ne, amma suna zuwa da barci.

Wata rana da azahar, cikin Disamba, ya tsaya a danja da mota cike maƙil. Kansa ya sunkuya, ƙafarsa ta zame daga birki, kombi ta gangara tsakiyar mahaɗa. Ihun fasinja ne ya tashe shi, ya ga gaban wata babbar mota dab da tagarsa. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Mai kombin ya ce masa, "Ka sake, ka ajiye min makullina." Shi makullin ne ya dame shi. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, domin na san gobe ma zai sha ƙwayar ya fita da 'ya'yan mutane a bayansa.

Washegari na je wurin Mbuya, na zayyana mata komai ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta kira ni yadda ake kiran uwa a nan, da sunan ɗanta, ta ce, "Mai Kundai, furen jakaranda yaushe ya zube?"

Na ce, "Ai tun watan jiya."

"Shi kuma ya daina?"

"Ina fa! Tun da aka fara ruwa sai abin da ya ƙaru."

"To ku ƙyale baiwar Allahn nan ta huta. Kawo min shi."

Da ƙyar na ja shi. Ta karɓe ƙwayoyin tasha, ta sa aka ba shi waɗanda ba sa sa barci, ta koya masa wanke hanci da ruwan gishiri. Sannan ta faɗi abin da har yau nake girmama ta saboda shi. Ta ce, "Ɗana, sanina iyakarsa ke nan. Jikinka akwai abin da ba ya shiri da shi, kuma ni ba zan yi maka canki-canki ba. A babban asibiti akwai likitar da aikinta ke nan, ita za ta gwada ka." Ta yi ta buga waya har ta samo masa rana. Ranar ta zo, gogan ya ce fasinja ba sa jira. Ta sake samo wata, ya ce ai ya ji sauƙi, alhali yana magana yana share hanci da hannun riga. Da maganin ya ƙare kuma, na tsinci ƙwayar tasha a aljihunsa.

Da wata ce da ta ce ta yi iya yinta, kuma ba mai ganin laifinta. Mbuya ta samo rana ta uku, ba ta gaya masa ba. Ni ta kira ta ce in ɓoye duk wata ƙwaya kwanaki kafin ranar, domin gwajin ba ya nunawa in an sha su. Ranar hutunta ce. Ta saka fararen kayanta, ta je tasha, ta shiga kombinsa ta zauna a gaba. Maƙwabciyata Mai Rumbidzai, mai sayar da tumatir, tana cikin motar, ita ta ba ni labarin har da kwaikwayon murya.

Da aka isa gari kowa ya fara sauka, ita ko motsi.

"Mbuya, an iso fa."

"Ni ban iso ba. Babban asibiti za ni, kuma da kai."

"Haba Mbuya, lodi zan yi! Kin ga layi?"

"Na gani. Yi lodinka. Duk wanda ya shigo zan gaya masa direban nan yakan ɗan rintsa a danja, ya zaɓa da kansa."

Wani dattijo da ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya juyo ya ce, "Au, kai ne mai barcin nan? Yaro, bi kakarka, mu ba mu gaji da duniya ba!" Mai Rumbidzai ta ƙara masa da, "Baba Kundai, ƙato da kai kana tsoron allura?" Sauran direbobi suka taru suna shewa. Ya kalli Mbuya, ta rungume jakarta tana kallon gaba. Ya tada mota.

A can likitar ta ɗiga masa ruwaye iri-iri a hannu, ta ɗan tsattsaga fatar. Ba a jima ba wuri ɗaya ya tashi kamar cizon cinnaka: ƙurar furen ciyawa. Da ya tambayi jakaranda, ta ce ƙurarta nauyi gare ta, ƙudan zuma ke ɗaukarta, ba kasafai take kai wa hanci ba. Wane ne kuma, in ba mijin nawa ba, ke tuɓe riga duk Lahadi ya sassabe ciyawar layinmu don a ce masa jarumi? Aka rubuta masa maganin feshi a hanci, wanda ake farawa tun kafin lokacin ya zo, a kuma yi kullum ba fashi. Sassabe ya koma hannun wasu, tagar direba ta koma rufe idan zai ratsa fili. Damina uku ke nan yana tuƙi da ido biyu.

Mbuya, ba mu kaɗai ba ne. Ke ce kika bi malamar makarantar da muryarta ke dushewa duk shekara har sai da ta je aka gwada ta. Ke ce kika gane cewa tarin 'yar mai ɗinki ya wuce mura, kika tura su kafin ƙirjinta ya toshe. Ba ki taɓa jin kunyar cewa "wannan ya fi ƙarfina" ba, kuma ba ki taɓa ɗaukar turawa a matsayin sallama ba. Sai kin ga mutum ya shiga ɗakin likita hankalinki yake kwanciya. Uwar naci, na gode. Ku kuma masu karatu, in kuna da mai atishawar shekara-shekara a gida, musamman mai riƙe sitiyari, ku daina dafa shi cikin bargo. Ku nemo masa ƙwararre, in ya ƙi ku yi masa irin ta Mbuya.

Ranar Asabar muka yi mata walimar sallama a harabar coci, da sadza, tuwon masararmu, da naman kaza. Baba Kundai ya miƙe zai yi jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa. Bai gama jimlar farko ba ta ɗaga cokali ta tsayar da shi.

"Bar yabon nan. Ka fara feshin bana?"

Ya sosa ƙeya. "Litinin zan fara, Mbuya."

Ni ta juyo ta kalla. Na buɗe jakata na fito da kwalbar na ajiye a gaban farantinsa, ya yi feshinsa a gaban jama'a kafin ya ci gaba da magana. Ki je ki huta, Mbuya. Daga bana ni ce a kansa.