Ulun Rigar Marwan

Duk unguwar Ka'akiyya ta Makka an san Iyatu Mai Saƙa. 'Yar Funtuwa ce, ta zo Umara tun gashinta baƙi wuluk, ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, har furfura ta cika mata kai. Da ta fara sayar da kayan ulu dariya aka yi ta yi mata, wai wa zai yafa ulu a zafin Makka? Masu dariyar ba su taɓa wanki a gidajen Larabawa ba, ba su ga yadda sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke sa tsofaffi rawar ɗari ba. Tsinken saƙa biyu su suka ciyar da ita shekara da shekaru.

Bayan saƙa, amana aka san ta da ita. Duk matar da aka kama aka mayar gida, a ɗakin Iyatu kayanta ke jira har a sami alhajin da zai kai mata. Haka jakar maƙwabciyarta Nuriyya ta zo hannunta, bayan an kama ta tana talla a unguwar Jarwal an mayar da ita Damagaram.

Ana nan wata tsohuwar Balarabiya, Haifa, ta ba Iyatu aikin mayafin kafaɗa ruwan toka, gefensa raga-raga, tsakiyarsa murɗaɗɗen kitso. Aiki ya kai rabi ulu ya ƙare. Ta zaga shaguna, sai zaren roba mai ƙyalli, wanda ko kyauta ba za ta saka ba. Sai ta tuna ranar da ta shanya kayan Nuriyya ta ga wata 'yar rigar sanyi ruwan goro, ulu na gaske, duk ta ɓule a gwiwar hannu. Ta ce a ranta, wa zai nemi wannan tsumma?

To, ta warware ta. Warwararren ulu a nannaɗe yake, ba ya saƙuwa sai an wanke, don haka ta jiƙa shi, ta dirje da sabulu, ta sake, har ya miƙe sumul. Da shi ta yi kitson tsakiya. Gaskiya mayafin ya yi kyau, don matan layin sai shigowa suke suna shafawa, ita kuma tana ta washe baki.

Da hantsi, ranar da za ta kai wa Haifa, saƙon murya ya shigo wayarta. Nuriyya ce.

"Yaya Iyatu, an ce Alhaji Sada zai taho gida Alhamis. Kada ki wahalar da shi da jaka, ki raba wa mabuƙata komai. Rigar sanyin nan ruwan goro kaɗai nake so. Ta Marwan ce, ɗana da na binne a nan Makka kafin mu haɗu da ke. Don Allah, Yaya, kada ki wanke ta. Ban taɓa wankewa ba, har yanzu da ƙanshinsa."

Iyatu ta zauna daɓas a bakin katifa. Kunya ta rufe ta har ta kasa kallon jakar. Ita da ake kawo wa amana daga unguwa-unguwa, yau ita ce ta ci, kuma ba yunwa ce ta sa ta ba, son a yabi aikinta ne.

Ba ta je gidan Haifa ba. Ta ninke mayafin don ta ba Alhaji Sada, ta danna waya za ta yi magana, ta saki, ta sake dannawa. Ta ce, "Nuriyya, ni ce. Ki sami wuri ki zauna tukuna." Sai ta ajiye wayar.

Ta ɗauko mayafin ta kai hancinta, ta bi kitson daga farko har ƙarshe tana shinshinawa, ko Allah zai sa wani abu ya rage. Ba ta ji komai ba sai sabulunta.