Curin Fura Biyu

Yayana shi ne ɗan farin Inna, don haka ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Idan ya gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa a ciki. In za ta ba shi abinci, ni take kira: kai wa wancan.

Ina aji biyu a sakandare ya zo hutu daga ƙasar waje, inda yake karatun ƙwayar zarra. Lokacin kaka ne, motocin auduga na ta wucewa ta garinmu zuwa Funtua. Ya rame, yana tari. Na lura kullum yakan zauna kusa da inda Inna take aiki, yana son gaya mata abin da ya raba shi da gida shekara huɗu. Ita kuwa da ya buɗe baki sai ta tashi duba tukunya.

Ran nan tana bakacen dawa a gindin rumbu, ya kira ni, ya ce in kawo curin fura biyu. Ya ɗaga murya fiye da yadda kunnena yake buƙata. Ya ce kowace zarra tana da cibiya, cunkusasshiya kamar curin nan. A wurin aikinsu akwai na'urar da take koro cibiyoyi masu nauyi da gudu, su yi karo. Sai ya gwara curin biyu, gari ya tashi.

Ya ce a cikin karon ake haifar wasu ƙananan abubuwa waɗanda da can babu su. Na gefe sukan tsere, na'ura ta gan su. Waɗanda aka haifa a tsakiya sai sun ratsa cunkoson. Wasu a karkatar da su, da yawa a haɗiye su. Aikinsa shi ne duba waɗanda suka fito, don ya gane abin da ya sami waɗanda ba su fito ba.

Ni faifan Inna nake kallo. Ya tsaya cak a hannunta, har kaza ta sa baki a dawar ba ta kore ta ba. Yaya ya ba ta baya, bai gani ba. Da ya juya, ta riga ta ci gaba da bakace, tana faɗa wa iska cewa abinci ba abin wasa ba ne.

Na so in gaya masa. Har tashar jirgi na raka shi, maganar tana bakina, kunya ta hana ni.

Damina na tsakiya wasiƙa ta zo. A can aka binne shi. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ba a yi wa ɗan fari.

Bayan sadakar arba'in tana cura fura, ta miƙo mini curi biyu, ta ce in maimaita mata abin nan. Na fara, na rikice, na ce na tsakiya duk sukan hallaka.

"A'a, 'yar nan," in ji ta. "Ba duka ba. Da yawa ya ce."

Ta karɓi curin, ta riƙe su a tafin hannunta, ba ta gwara su ba.